Ɗan Haya

Gobe Juma'a za a buɗe rumfar zaɓe
a makarantar da na koyi baƙi da wasali.
Takarda guda, gurbi biyu: I ko A'a.
Tun watan jiya ƙauyenmu ya rabu gida biyu,
kowace falwaya ta rataya nata ra'ayin,
ruwan saman Donegal yana jiƙa su duka, bai ware kowa ba.

Fada Cathal ya faɗa ranar Lahadi, murya a sanyaye:
aure gini ne mai ginshiƙi biyu, mace da namiji,
ba mu muka aza harsashinsa ba,
ba mu za mu sake masa ƙofa ba.
Na gyaɗa kai.
Shekara talatin da ɗaya ni ke goge tagullar cocin nan,
ni ke sauya wa furanni ruwa,
ban taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba.

A shagon Breslin kuwa, a layin burodi,
jikar Nuala, mai ɗan ƙarfe a hanci,
ta ce, Inna Dympna, wa zai rasa me?
Igiyarki za ta tsinke don wasu sun ɗaura tasu?
Na ce yaro bai san wuta ba sai ya taka,
na fita na bar canjina a kan kanta.

Ban gaya mata zancen Malachy ba.

Ƙanena ne. Yana da sha tara ya hau jirgin ruwan Glasgow
da akwatin kwali da takalman babanmu.
Duk Kirsimeti kati ya iso, rubutu kamar tafiyar kaza:
Ni da ɗan hayata muna lafiya.
Alasdair sunan ɗan hayar.
Shekara talatin da takwas bai sami wani ɗaki ba
a duk faɗin birnin.
Mamarmu kan ce, lalle yana biya a kan kari,
sai ta juya ta tsura wa murhu ido.

Da ciwon ya ci ƙarfinsa, asibiti suka nemi dangi.
Ni aka kira,
ni da rabona da fuskarsa shekara tara.
Ni na sa hannu a takardun.
Wanda ya san cokali nawa na sukari yake sha,
wanda ya san wace ƙafa ke masa tsami in sanyi ya shigo,
yana baranda kan kujerar roba,
hula a cinya, yana murza bakinta.

Ranar jana'iza ya tsaya can baya, dab da ƙofa,
kwat ɗinsa na ɗiga.
Aka karanto masu rashi:
ni, mijina, 'yan uwan Boston da ko furanni ba su aiko ba.
Wata ta zungure ni, wane ne dogon can?
Na ce, ɗan hayarsa ne.
Bakina bai ko yi rawa ba.

Abu ɗaya ya roƙa kafin motar yamma ta tashi:
tabarau ɗin karatun marigayin,
wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare.

Yanzu dare ya raba. Carbi na hannuna,
na kai ƙarshe sau biyu ban san me na ja ba.
Ina tsoron Allah, wannan ba wasa ba ne.
Ina kuma tsoron kujerar robar nan.

Fensirin gobe ba zai ta da Malachy ba,
kuma abin da zan zana, tsakanina ne da labule.
Amma ga ambulan a kan tebur, adireshin Glasgow,
ga takarda fara.
Na rubuta Zuwa ga,
tun shayi na da zafi,
nake neman kalmar da ke biye.